Minti Goma Sha Bakwai a Layin Inna Rabi

Tun da na dawo daga Maraɗi ba ku bar ni na huta ba. Ummi ta tare ni a bakin famfo, Zainabu ta zo har gida sau biyu, kowa tambayarta ɗaya: yaya ƙasar waje, me kika kawo mana? Na gaji da ba da labari guntu-guntu a tsaye. Ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kada a sake tambayata.

Kun san aikin da na samu bana. Wata ƙungiya mai raba irin gyaɗa ce ta ɗauke ni in rubuta matan da ke noma a ƙauyukan Kusada. Suka ba ni wata 'yar na'ura, ba ta wuce tafin hannuna ba, da ɗan tsinken roba da ake taɓa fuskarta da shi. Matan ƙauye suka raɗa mata suna allon Murja. A ciki nake sa sunan mace da girman gonarta, sannan ta riƙe tsinken ta zana hannunta. Sati uku ina yawo cikin zafin bazara, na rubuta mata arba'in da bakwai.

Ta ƙarshe ita ce Gwoggo Hajjo, Bafulatanar nan mai kawo nono kasuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona. Ta daɗe tana juya tsinken kafin ta zana. Ta ce, "Bara ma an rubuta mu a takarda, ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba. Ke ma ƙaryar ce ta kawo ki?"

Na ce, "Gwoggo, in irin nan bai zo ba, ki zo har Kankiya ki tofa mini yawu a fuska."

Kun san bakina. Ba ya jiran shawarata.

Ƙa'idar kuwa ita ce: sunayen su shiga kwamfutar ofishinmu da ke Kano kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a. Daga nan a rufe, a loda iri daidai yawan sunayen da suka shiga. Wadda ba ta shiga ba sai baɗi. Na shirya ranar Alhamis in hau mota in kai na'urar da kaina. Laraba bayan la'asar sai ga saƙo daga Maraɗi: Alhaji Mamman, ƙanen Kakata uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu, har an kai shi.

Baba ya ce, "Gobe da sassafe ke za ki raka Kaka."

Na ce, "Baba, aikina fa?"

Ya ce, "Aikin naki ya fi rasuwa?"

Kaka ba ta gani sosai, ga ciwon gwiwa, Baba kuma ba shi da lafiyar doguwar tafiya. Dole na yarda. Ba kuma zan ba direba na'urar ya kai Kano ba, don na sa hannu cewa ba za ta bar wurina ba.

Akwai hanya ta biyu. Tare da na'urar an ba mu wani ɗan akwati kamar kwalin ashana, modem sunansa. A maƙala shi a gindinta, a soka igiyarsa a layin wayar tebur, sai na'urar ta buga lambar ofis da kanta ta tura abin da ke cikinta. Malam Kabir, shugabanmu, ya koya mana wannan ranar horo. Ni a lokacin fifita nake da littafi ina duban agogo. Abu ɗaya na riƙe da kyau: ya ce kada a kuskura batir ya mutu gaba ɗaya, don in ya mutu, duk abin da ke ciki ya goge. Na ce a raina, ai Katsina birni ce, ba za a rasa wayar tebur ba.

Muka tashi daga Kankiya gari na wayewa, mu huɗu a kujerar tsakiya. Kaka ta rungume ƙullin daddawa da kuka da za ta kai wa dangi, ta ƙi yarda a sa a but ɗin mota. Duk motar ta ɗauki wari. Wani mai tabarau da ke gefena ya toshe hanci, Kaka ta ce masa, "Kai da ba ka ci ba ka girma?" Daga nan bai sake motsi ba har Katsina.

A Katsina na zaunar da ita cikin motar Jibiya, na ce minti goma. Shago uku na shiga na masu buga waya. Na farko ya ce layinsa na ƙasa ya mutu tun daminar bara. Na biyu salula kawai yake da ita. Na uku ya dubi igiyar da ke hannuna ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, daga wane zamani kika fito?" Na so in ba shi amsa, sai na ji ana ta danna oda. Na dawo na tarar Kaka ta fito da ƙafa ɗaya waje ta tokare ƙofa, ta ce direba sai dai ya tafi da ƙafar in zai bar jikarta.

A Jibiya na kira Malam Kabir da salulata.

Ya ce, "Murja, kin iso Kano?"

Na ce, "Ina Jibiya."

Ya ce, "Jibiya ta kan iyaka?"

"Akwai wata ne, Malam?"

Na gaya masa abin da ya faru. Ya yi mini gaisuwa, sannan na ce bari in karanto masa sunayen ya rubuta. Ya ce sunaye da baki ba sa shiga, sai da zanen hannun masu su. Ya ce, "In kin samu layi a can, ki shiga saiti. A gaban lambar ofis ki sa sifili guda biyu, sai biyu, uku, huɗu, ki cire sifilin farko na Kano. Minti uku ya ishe ki. Sannan ki duba ko layin nasu..."

Na ce, "Na gane, Malam, mota za ta tashi." Na kashe.

Ku riƙe wannan wurin.

A kan iyaka aka sauke mu. Wani mai kaki ya buɗe jakata, ya tsallake kayan sawa, hannunsa ya faɗa kan na'urar. Ya ce mene ne. Na ce ta aiki ce. Ya ce in kunna. Na kunna. Ya kira abokinsa, suka haɗa kai suna taɓa fuskarta da tsinken, kowa na so ya ga yadda rubutu ke fitowa. Ba mugunta ba ce, sha'awa ce kawai, amma ni idona na kan alamar batir. Sanda uku ce, ina kallo ta koma biyu. Na buɗe baki zan faɗi abin da zai kwanar da mu a wurin, sai Kaka ta matse mini hannu. Ta ce, "Yaro, ƙanena aka rufe jiya a Maraɗi. Ko ganin fuskarshi ban samu ba. Ka bar ni in je in ga inda ya kwanta."

Mutumin ya cire hula, ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, ya sa na'urar a jaka da hannunsa ya zuge.

Ɗaya ɓangaren kuma, kakinsu daban, takardunsu da Faransanci, amma da sojan ya buɗe baki sai na ji kamar Kaka ce ke magana: lahiya lau, ina za ku tahi, mi ke cikin wanga ƙulli. Ni ya ce mini madmazel. Kaka ta ce, "Murja sunanta." Muna wuce Ɗan Isa salulata ta mutu murus, ba sabis ko sanda ɗaya. Daga nan ni da Malam Kabir sai addu'a.

Mun isa gidan rana ta yi sanyi. Maza cike da ƙofar gida kan tabarmi, mata cike da tsakar gida. Kaka ta daure duk hanya, amma tana ganin takalman ƙanenta a bakin ɗakinsa ta zube. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba. Na tsaya da ƙullin daddawa a hannu kamar wata sakarya.

Masaukinmu ɗaki ɗaya ne da mata bakwai, kowa da tabarmarta da jakarta a matsayin matashi. Aka kawo mana kwaɗon zogale, su kofto suke ce masa, da wani dogon burodi kamar taɓarya mai fasa dasashi, da shayi mai ɗaci a 'yan ƙananan kofunan gilas. Mu a nan in an ce shayi, madara ake nufi da babban kofi. Su kurɓa biyu ne, amma sai ki ji zuciyarki na gudu. Acaɓa kabu-kabu ne, babbar mota kamyo, wutar lantarki kura. Wutar tasu kuwa tun da muka shiga ba ta ko ƙifta ba. Na yi murna, na zaro caja. Sai na ga soket ɗinsu ido biyu ne zagayayyu, cajata kuwa ƙafa uku ce masu faɗi. Ga wuta, ga caja, babu hanya.

Sai aka kai mu ɗakin Inna Rabi, matar marigayin, mu yi mata gaisuwa. Tana zaune kan tabarma cikin takaba, 'yar siririya, carbi a hannu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, bakina na ta'aziyya idona na kan ɗan teburin da ke gefenta. Wayar tebur ce, tsohuwa, irin mai juyawa da yatsa, an rufe ta da ɗan kyalle mai ado. A jikin majuyin an maƙala ɗan kwaɗo. Na bi igiyar da ido har bango, na ga ramin da ta shiga dogo ne, bai yi kama da kan igiyata ba ko kaɗan.

Da muka fito na tambayi Salamatu, babbar 'yar gidan, ko wayar na aiki.

Ta ce, "Tana aiki. Mi za ki yi da ita?"

Na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wayar Baba ce. Duk tsawon ranshi babu mai taɓa ta sai shi, ko bugawa ko ɗauka. Makullin ma yana aljihun rigarshi, ba wanda ya iya lalubawa." Sannan ta gaya mini abin da ya sa Inna ta sa aka kawo wayar kusa da ita. Ƙanensu Lawali direban kamyo ne tsakanin Agadas da Dirku, cikin sahara. Duk Juma'ar da ta same shi a Agadas yakan kira ya gaida ubansa kafin masallaci. Ya bar Alhaji a kwance ba lafiya. Har yanzu bai san an yi rasuwar ba. An aika saƙo tasharsu, ba a san ko ya same shi ba. Gobe Juma'a ce ranar kiransa, in bai samu gida ba zai shiga daji, sati biyu babu waya.

Ta ce, "Saboda haka ki cire ranki."

Na kashe na'urar na naɗe ta cikin ɗankwali. Sanda biyu.

Da safe na ce wa Kaka zan fita. Ta ce ana zaman makoki ina zan je. Na ce zan dawo. Mai kabu-kabu ya kai ni wurin masu buga waya, telesanta suke cewa. Na farko a rufe. Na biyu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce layinsa ta cikin akwatin ƙirga minti yake bi, ba ya cire wa kowa, ko matarsa ce. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙonsa. Ya ce abin da zai iya yi mini shi ne ya nuna mini Malam Isa mai gyaran rediyo a bakin babbar kasuwa.

Malam Isa tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki irinsa ba. Sai da ya tambayi lafiyar Najeriya, ya tambayi ko an yi ruwan fari a wajenmu, ya yi mini ta'aziyya, ya juye shayinsa daga kofi zuwa kofi sau wajen goma, sannan ya jawo wani gwangwani ya shiga tono. Ina tsaye ina karkaɗa ƙafa. Ya fito da mahaɗi biyu, ɗaya na caja, ɗaya na igiyar waya. Ya tambayi unguwar da gidan yake, na faɗa.

Ya ce, "To ɗiyata, layin wannan unguwa tsoho ne. Bai san kiɗan wayoyin zamani ba, tit-tit-tit ɗin nan. Ƙwanƙwasa yake ji, ƙas-ƙas-ƙas, irin na mai juyawa. Sai kin gaya ma abin naki, in ba haka ba..."

Na ce, "To, to, na gode, Baba." Ƙafata ɗaya tana kan babur.

Ku riƙe wannan ma.

Na dawo gida sha ɗaya saura ashirin. Na wuce kai tsaye ɗakin Inna Rabi, na durƙusa. Akwai mata huɗu a ciki, da Kaka, da Salamatu. Na lura tun a hanya cewa kwaɗon nan bai hana ni komai ba, tunda wayar zan cire gaba ɗaya in sa tawa igiyar. Da na so, sai in jira ta shiga alwala in yi abina. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma na kasa.

Na ce, "Inna, ina son layinki."

Kaka ta ce, "Murja! Ba ki da kunya?"

Salamatu ta ce, "Na gaya mata tun jiya."

Inna Rabi ta ɗaga hannu ta tsayar da su. Ta ce, "Mi za ki yi da shi, ɗiyata?"

Na gaya mata. Mata arba'in da bakwai, irin gyaɗa, sha biyun rana. Na ce in na cire wayar, duk wanda ya kira zai ji layi a cike. Ban ɓoye wannan ba.

Ta ja carbi kamar ƙwaya biyar. Ta ce, "Matan da mazajensu?"

"Wasu da su, wasu sun rasu."

"Minti nawa?"

Na ce, "Uku."

Ban taɓa yi ba, ban san ko nawa ne ba. Abin da aka gaya mini na maimaita, kuma na faɗe shi da ƙarfi kamar na sani.

Ta ce, "Yi maza."

Akwai agogon bango a ɗakin, sha ɗaya saura goma. Na soka caja, alama ta fara motsi. Na zare igiyar wayar Alhaji daga bango, na ji wata mata ta ja numfashi. Na sa mahaɗin Malam Isa, na maƙala modem, na shiga saiti. Don sauri har tsinken ya faɗi sau biyu. Sifili biyu, biyu, uku, huɗu, na goge sifilin Kano. Na danna haɗa.

Tit-tit-tit-tit, ta zuba lambobin da sauri. Sai dogon uuuu na layi, kamar ba a buga komai ba. Ta jira, ta jira, ta rubuta cewa ba a haɗu ba.

Na sake dannawa. Haka dai.

Salamatu ta ce, "Uku ta wuce."

Na duba lambar, daidai take. Na taɓa igiya, a zaune take. Gumi na zuba daga haɓata kan fuskar na'urar. Sai muryar tsohon nan ta dawo mini: ƙwanƙwasa yake ji. A nan ne kuma na gane abin da Malam Kabir ya fara faɗa na kashe masa waya. Mutum biyu suka gaya mini abu ɗaya, ban tsaya na ji ƙarshen ko ɗaya ba.

Na shiga tono cikin saiti, shafi bayan shafi, har na samu wurin da ake zaɓar yadda za ta buga lamba. Zaɓi biyu ne. Na sauya. Agogo ya ce minti huɗu sun tafi a banza.

Ƙas-ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas. Lamba goma sha uku, kowacce sai ta ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsinar tsakuwa a wake. Sifili kaɗai ƙwanƙwasa goma ne. Sai na ji ringin, can nesa. Sai wani irin ƙara ya tashi, fito da ƙuwwa da shuuu, kamar an rufe kyanwa da tsuntsu a garwa ɗaya. Wata tsohuwa ta ja baya tana a'uziyya. Na ce, "Gaisawa suke, ita da ta Kano."

Kaka ta ce, "To su taƙaita."

Ta nemi suna da kalmar sirri, na kwafo daga bangon littafina. Ta karɓa. Ɗaya cikin arba'in da bakwai. Biyu. Uku. Kowane suna sai ya ja zanen hannun mai shi, a hankali kamar jaki da kaya. Na yi lissafi a raina na ga inda za mu kai, na kasa ɗaga kai.

Sha ɗaya ta buga muna kan ashirin da wani abu. Wayar Alhaji na kan tebur da kwaɗonta da kyallenta, igiyarta a yashe a ƙasa, kowa ita yake kallo. A talatin da ɗaya lambar ta tsaya. Ta ƙi gaba.

Salamatu ta miƙe. Ta ce, "Inna, ya isa. Wannan lokacinshi ne. Ƙanena zai shiga daji bai san ubanshi ya mutu ba saboda gyaɗar mutanen da ba mu sani ba?" Ta sunkuya ta kama igiyata.

Ban hana ta ba. Gaskiya ta faɗa.

Inna Rabi ta ce, "Sala, sake ta."

"Inna..."

"Na ce sake ta." Ta juyo gare ni. "Saura nawa?"

"Sha shida."

"In aka cire yanzu, waɗanda suka wuce sun shiga?"

"Ban sani ba, Inna. Wataƙila duka su zube."

Wannan ne karo na farko da na ce ban sani ba tun da na bar Kankiya.

Ta ce, "To karanto mini sunayensu in ji."

Lambar ta motsa, talatin da biyu. Na fara karantawa yadda suke wucewa. Talatu matar mai fawa. Indo ta bayan makaranta. Hurera mai ƙosai. Duk sunan da na kira sai ta ja ƙwayar carbi ɗaya, idonta na kan wayar. Na ƙarshe na ce, "Hajjo mai nono." Na'urar ta rubuta an gama, ƙarar ta ɗauke.

Na fizge igiyata na mayar da ta Alhaji. Salamatu ta ɗaga kan wayar, karo na farko a rayuwarta, ta ji layi na nan, ta ajiye. Sha ɗaya da minti bakwai. Minti goma sha bakwai na riƙe musu layi.

Muka zauna. Sha ɗaya da rabi waya ta yi ƙara, duk muka zabura, ashe mai ta'aziyya ne daga Damagaram. Aka sake kira, daga Yamai. Aka yi kiran salla, maza suka tafi masallaci suka dawo. Lawali bai kira ba.

Salamatu ba ta sake ce mini uffan ba. Inna Rabi ta ce wataƙila motarsa ce ta lalace a hanya, ya saba. Ranar Asabar da zan taho ni kaɗai, don Kaka ta ce sai ta ƙara kwanaki, na je sallama. Na ce, "Inna, na ce miki uku." Ta ce, "Na san ba uku ba ne tun kina faɗa. Allah ya kiyaye hanya." Salamatu ta miƙo mini dogon burodi biyu a leda, fuskarta na kallon wani wuri.

Dawowa ba abin faɗa. Kan iyaka ko jakata ba a buɗe ba. Muna shiga Jibiya salula ta farfaɗo, saƙon Malam Kabir ya shigo: sun shiga duka. Bayan kwana goma motar iri ta zo Kusada, kwana biyu kafin ruwan shuka. Gwoggo Hajjo ta zo har Kankiya da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ce, "Ga ni na zo, amma yawun na bar shi a gida." Na yi dariya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaranjiya Kaka ta dawo. Bayan ta huta ta kira ni ɗakinta, ta ce in zauna.

Lawali ya kira, Juma'a biyu bayan waccan. Saƙon tasha bai same shi ba. Da Salamatu ta ɗauka, abin da ya fara cewa shi ne ta ba shi Baba, ya sayo masa dabinon Dirku irin wanda yake so. Bayan an gaya masa, bayan ya iya magana, ya ce ai ya kira waccan Juma'ar. Sau biyu. Na biyun sha ɗaya ta ɗan gota, ayarin motocinsu na shirin tashi. Duka biyun ya ji layi a cike. Ya ce da ya ji haka sai ya yi hamdala, ya ce wa abokan tafiyarsa babu mai taɓa wayar nan sai Baba, tunda tana cike, to Baba ya tashi har yana hira. Ya hau mota ya shiga sahara da farin ciki.

Na tambayi Kaka sha ɗaya da minti nawa. Ta ce ita ina ta sani. Na yi lissafin nan ya fi sau ɗari. Da na tsaya na ji ƙarshen maganar Malam Isa, da na gama sha ɗaya da minti uku. Ko ya isa, ko bai isa ba, babu mai gaya mini.

Kaka ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli. Ta ce Lawali ya iso gida kafin ta taho, ya zo da dabinon, aka raba sadaka. Inna Rabi ta ɗebi wannan ta ce a kawo mini. Ta ce a gaya mini kada in sa abin a raina, wai Lawali ya ƙara sati biyu da uba, su ba su samu ba.

Ban yarda da wannan lissafin ba. Amma na yi shiru, kuma kun san ba halina ba ne.

To, Ummi, Zainabu, kuna tambaya me na kawo daga Maraɗi. Dabino ne, guda tara. Yana cikin ɗan kwano a kan akwatina. Mai so ta zo ta ɗauka, ta yi wa Alhaji Mamman addu'a. Ni na kasa ci.